Shafin da Gara Ta Ci

A akwatin ƙarfen Baba Cindo,
ƙarƙashin rigunan aikin masaƙa da ba su ƙara ganin rana ba,
littattafai bakwai ne, masu warin kafur da damina.
Gara ta shigo musu ta baya.
Ba ta taɓa farko ba, ƙarshe ta ci.

Haka na tashi ban san makomar kowa ba.
Na san yaron da ya ƙi durƙusawa a dandali,
na san maƙerin da aka ce ya ƙera abin da gari ke so
ya kashe wutarsa ya zauna,
da matar da ta yi dariya ranar da aka ce kowa ya yi kuka.
Ina isa inda za a hukunta su
sai takarda ta zama gari a yatsuna.
Suna nan tsaye a kaina, ba wanda ya taɓa su.

Sai a makaranta na ga cikakken bugu.
Ashe yaron korarsa aka yi.
Ashe maƙerin ya mutu ba mai yi masa wanka sai baƙo.
Malam ya rubuta a allo:
Darasi, tsintsiya maɗaurinki ɗaya.
Muka kwafa, mu sittin, har da ɗigon ƙarshe.

Ni kuwa na san wani shafi da ba a buga ba.
Shekarar da gari ya tsage biyu a bakin kogi,
kowa ya ɗaure katifa a kan mota
ya haye gada zuwa wajen masu irin addu'arsa,
Baba ya ce shi Kakuri ta san tarinsa,
shi ma ya san tarin Bulus ta bayan katanga,
ba inda za shi.
Dangi suka zo daga Tudun Wada, suka zo daga Rigasa:
in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura.
Ya ce tsummansa ya ƙare a masaƙa.

Kada in yi maka ƙarya, mun biya.
Sunan ƙanwata mutum tara suka zo,
tuwon ya kwana, ya sake kwana.
Inna ta shekara ba ta ce masa sannu da zuwa da zuciya ɗaya ba,
kuma ban ce ba ta da gaskiya ba.
Mai taurin kai ba shi kaɗai rana ke duka ba,
har da masu zama a inuwarsa.
Ranar da ya cika dai, Bulus ne ya fara sara ƙasa,
da tsohon diga na kamfani,
bai ce wa kowa komai ba.

Yanzu allin a hannuna yake.
Daren jiya an ɗauke wuta, na kunna fitilar waya,
takardun jarrabawa arba'in da uku a cinyata.
Arba'in da biyu sun ce tsintsiya.
Ta ƙarshe rubutun Kuluwa ne, kamar sawun kaza:
"Malam, kafin a ɗaure tsintsiya
ai kowane tsinke sai da aka yanko shi daga inda ya tsiro."

Takardar amsa ta ma'aikata ba ta san da wannan ba.
Jan biro na tsakanin yatsuna.
A waje ruwa ya tsuge, kwatoci na gudu,
duk ruwan unguwa hanya ɗaya yake bi zuwa kogi.
Na ɗaga biron, na ajiye, na sake ɗagawa.
Sai na kasa kunne
ko zan ji motsin gara a wani lungu na ɗakin,
ta zo ta ci mini wannan shafin ma.